Sharhin da Aka Yi wa Hannun Yayata

A zangonmu na Tamale ba a sauraron waƙa don a ji abin da ta ce. Tun ina yarinya, in zabiya ta ɗaga murya a gidan biki, kafin 'yan amshi su karɓa, mata sun fara zungurin juna da gwiwar hannu: "Da wa take?" Ko zancen kurciya take yi a kan rimi, sai an nemo mai dogon wuya a unguwa an liƙa mata. Kakanninmu da suka gangaro daga arewa da fataucin goro sun bar mana gadon habaici, mun kuwa riƙe shi gam, fiye da yadda muka riƙe Hausar kanta. A wurinmu babu labarin da ba shi da mai shi.

Na yi shekaru ina koyar da adabi a wata sakandare, ina fama da wannan gado. Sai mu karanta littafi daga bango har bango, a ce akwai wani azzalumin mai gida a ciki da ke kulle famfo kada 'yan haya su ɗebi ruwa, in tambayi aji me suka fahimta. Sai hannu ya tashi daga baya: "Madam, landilod nga, na unguwar Kanvili ne ko?" In ce marubucin ne ya ƙirƙiro shi daga kansa, mutumin ma bai taɓa taka garin nan ba. Sai su yi min kallon tausayi, irin wanda ake yi wa mai rufa wa ɗan'uwanta asiri. Na ɗauka wannan ce cuta mafi muni da za ta kama mai karatu, har sai da Allah ya haɗa kunnena da mai sharhi.

Haka zan kira shi, don sunansa bai cancanci tawadata ba. Ɗan zango ne kamar mu, na san uwarsa tun tana sayar da koko a bakin masallaci. Ya tafi jami'a a kudu, ya dawo da digiri da tabarau marar magani da wani mayafin wuya da yake naɗawa ko a tsakiyar zafin bazara. Wani gidan rediyo ya ba shi fili ranar Asabar da safe, yana sharhin finafinai da waƙoƙi da littattafai, rabi da Hausa rabi da Turancin da ba ya damuwa ko an gane. Cutarsa ta sha bamban da ta ɗalibaina. Su komai wani ne a unguwa, shi kuwa a wurinsa komai alama ce ta wani abu daban. Wani saurayi ya rubuta waƙa a kan saniya mai shan ruwa a dam da rani, mai sharhi ya ce saniyar talaka ce, dam ɗin gwamnati. Uban yaron makiyayi ne, saniyar kuma saniya ce, na ma san kalarta. A wani littafi jaruma ta tashi ta rufe taga, ya kwashe rabin shirin yana bayanin yadda ta juya wa zamani baya. Sauro ne ya dame ta, marubuciyar ta faɗa a layi na gaba.

Ba wai na ce babu alama a adabi ba, ai da ita nake cin tuwo. Amma alama sai an bi ta da ƙafa daga kan shafi, an ga inda marubuci ya maimaita, inda ya yi shiru, inda ya karkata. Shi kuwa tun daga gida ya ɗinko rigarsa, duk littafin da ya zo sai ya cusa shi ciki, ya shiga ko kar ya shiga. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, shi kuma nasa ƙuƙumin ya ɗauke shi rawani. Nakan kunna shirin ina wanki, don haushi yana sa ni cuɗa kaya da ƙarfi. Ban taɓa tunanin zai iya cutar da kowa ba.

Yayata tana zaune a unguwar Nyohini. Ta girme ni sosai, ita ta goya ni. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda yana can kudu yana neman abinci, ita kaɗai ce a ɗakinta a cikin gidan haya. Amma ba za ka ce mata mai kaɗaici ba, domin ita ce mai wankan jarirai ta unguwar. Duk gidan da aka haihu, na Bahaushe ko Badagombe ko Bazabarme, kafin mai jego ta gama shan kunun farko an aika a kira Mma mai wanka. Takan zauna a kujera 'yar tsugunno, ta miƙe ƙafafu a kan baho, ta kwantar da jaririn a kan ƙwaurinta. Ta gwada zafin ruwan da gwiwar hannu, ta cuɗa shi da sabulun salo, ta gasa cibiya da tsumma mai ɗumi, ta daddanna kan a hankali, ta miƙar da hannu da ƙafa, sannan ta shafe shi da man kaɗanya har ya yi sheƙi. Yaron da ya shigo hannunta yana tsala ihu, barci yake yi kafin ta miƙa shi. Ba sana'a ta ɗauke shi ba. Ranar suna a aiko mata da cinyar rago da sabulu, wani lokaci turmin zane. Abin da ta fi so shi ne ta bi layi manyan samari masu gemu suna durƙusawa suna gaishe ta, ta ce min, "Wannan ma ni na wanke shi."

Sai ga wani matashi mai ɗaukar bidiyon biki da suna, ya gaji da ɗaukar mata suna liƙi, ya ce shi fim zai yi. Labarin ba shi da wata wahala. Wani mai tuƙa yelo-yelo, keken haya ɗin nan mai ƙafa uku, jaririnsa ya yi zazzaɓi, maimakon asibiti sai ya saya masa magani wurin masu yawo da kwali a ka, har yaron ya mutu. Yana son ya buɗe fim ɗin da wankan jariri, don a ga yaron lafiyayye ne kuma ana son sa. Ya je ya durƙusa gaban Yaya.

"Mma, ba komai za ka yi ba," ya ce mata, da irin Hausar yaran yanzu da ba ta raba mace da namiji. "Wanka nga da ka saba kawai. Mu dai mu ɗauka."

Yaya ta yarda, da sharaɗin ba za a nuna fuskarta ba, don tana jin nauyin surukan ɗanta su gan ta a fim. Ta ce in zo in tsaya mata kada yaran su mai da ita abin dariya. Shi ya sa duk abin da zan faɗa da idona na gani, ba ji na yi ba.

An aro jaririn matar wani ɗan'uwan mai fim. Ɗakin ƙarami ne, kyamara ta tsaya a kan hannun Yaya da jikin yaron, tunda an hana ta fuska. Ana cikin wanka mai fim ya ce a dakata zai canja wuri. Yaya ba ta ko ɗago ba, ta ce ba a tsayar da wankan jariri ruwa ya huce a jikinsa, in zai ɗauka ya ɗauka. Haka aka ɗauki wankan a miƙe daga farko har ƙarshe, babu yanka. Washegari kakar jaririn ta ji cewa a labarin yaron mutuwa zai yi. Ta zo ta yi musu tas, ta saɓa jikanta ta tafi da shi gidanta a Kasalgu. Duk sauran fim ɗin da matashin kai aka yi shi, an naɗe shi da tawul. To, da aka zo inda yaro ya mutu, uwar tana kuka tana tuna shi, me za a nuna? Ba su da hoton jariri mai rai ko ɗaya sai na wankan. Mai fim ya sake dawo da shi, ya rage masa gudu, ya ɗora masa wata sarewa mai sa tausayi da ya tsinta a kwamfutarsa. A ƙarshe wata mai kayan nas ta fuskanci kyamara ta ce a riƙa kai yara asibiti da wuri. Ko akuya ta kalli fim ɗin nan za ta gane inda ya dosa.

Fim ya fita, ya bi wayoyin mutane. Yaya ta kalla a wayata, ta ce ashe hannunta ya tsufa haka, muka yi dariya.

Wata Asabar ina durƙushe gaban baho ina cuɗa zanen gado, sai na ji mai sharhi ya ambaci fim ɗin. Ya fara da cewa talaka mai kallo zai ɗauka labarin asibiti ne, amma wannan ɓawo ne kawai. Na ce a raina, to ga shi nan zai fara.

"Ku tambayi kanku," in ji shi, yana jan kowace kalma kamar mai huɗuba, "don me darakta ya ɓoye fuskar tsohuwar? Don me bai yanka wurin nan ba ko sau ɗaya? Kuma da yaro ya mutu, ina kyamara ta koma? Ba ta koma kan uban ba. Ba ta koma kan mai magani ba. Kan hannun nan ta koma. Wannan shi ake ce wa fulashbak, kuma fulashbak yatsa ne da darakta ke nuni da shi. Hannun nan shi ne tsohuwar al'ada da ke kashe mana 'ya'ya tun suna cikin tsumma."

Na yi tsaki na ci gaba da wanki. Har nan shirme ne irin nasa da na saba. Amma sai aka buɗe layin waya, wata mata ta bugo.

"Malam, hannu nga na san shi fa. Ba Mma mai wanka na Nyohini ba ne? Zobe nga na azurfa, nashi ne."

Ga inda mutumin kirki zai ce, Hajiya, fim fim ne, matar aiki aka ba ta ta yi. Magana ɗaya ce, ko ɗalibina mafi daƙiƙanci zai iya ta. Mai sharhi ya yi wata 'yar dariya ta wanda ya san abin da wasu ba su sani ba, ya ce, "Hajiya, ni ba na kiran suna. Amma ki sani, a fim babu abin da ke faruwa bisa kuskure. Duk wanda darakta ya zaɓa, da dalili ya zaɓe shi."

Na tsaya da zanen a hannuna, kumfa tana bin gwiwata. Shi a ransa ya burge, ya faɗi wata ƙa'ida da ya haddace a aji. Bai san, ko bai damu ya sani ba, cewa mutanen da yake yi wa magana su ne masu tambayar "da wa take?" Shekara da shekaru suna neman mai ilimin da zai tabbatar musu cewa kowane labari da mai shi. Ga mai digiri ya faɗa a rediyo.

Wani marar aikin yi ya yanko maganar, ya haɗa da hoton hannun Yaya mai tafiya a hankali da sarewar nan, ya watsa a guruf-guruf na waya. Babu uban yaro a ciki, babu mai maganin kwali, babu nas. Sai aka fara tone-tone. Aka tuno wani yaro da ƙyanda ta kashe tun zamanin da ba a san wayar hannu ba, aka ce ai ita ta wanke shi. Wata yarinya mai in'ina, ita ta wanke ta. Ba wanda ya tsaya ya ce ai duk unguwar ita ta wanke, har da masu maganar. Kowa sai ya kaɗa kai ya ce ruwa ba ya tsami banza. Matan da suka yi shekaru suna barci ita tana gasa wa 'ya'yansu cibiya, su ne a gaba wajen shafa mata kashin kaji. Ban taɓa raina mutanena kamar a watannin nan ba.

Yaya ba ta da waya mai hoto, ita ce ta ƙarshen ji. Abin da ta fara lura da shi shi ne ana haihuwa ba a aiko ba. Ta ce wataƙila yanzu nas-nas ne ke koya wa yara. Har ranar da maƙwabciyarsu, wata Badagombiya da suka yi shekaru suna musayar gishiri ta kan katanga, surukarta ta haihu. Wannan gida ba a jiran aike. Yaya ta ɗauki sabulunta da man kaɗanya ta nufi can da sassafe. Matar ta tare ta a bakin ƙofa, ta tokare hannu a jikin ƙyaure, ta yi mata doguwar gaisuwa, sannan ta ce, "Mma, ka huta. Mun samu wani." Tana magana tana kallon ƙasa. Daga cikin ɗaki aka ji uwar jaririn ta ja labule.

Ranar ta zo gidana a Kanvili, ta zauna a tabarma ba ta cire mayafi ba. Ta ce, "Ƙanwata, ke da kike karanta littattafai, me na yi?" Na nuna mata abin da ke yawo. Ta kalla har ƙarshe, ta ce in sake. Sannan ta ce, "Amma ai yaron yana nan. Na gan shi a kasuwa a bayan uwarsa, har ya yi ƙiba." Na ce na sani, Yaya. Tsoro ya kama ni sosai, domin a arewacin ƙasar nan kowa ya san inda ake kai tsohuwa marar miji da aka fara nunawa da baki: can ƙauyukan da ake jibge matan da aka kora daga gidajensu bisa zargi.

Na fara da mai fim. Na same shi a shagonsa yana haɗa bidiyon wani biki. Na ce ya fito ya gaya wa duniya gaskiya: jaririn aro, matashin kai, tawul, duka. Ya yi ta sosa ƙeya. Ashe tun da mai sharhi ya yi magana kasuwar fim ɗin ta buɗe, har wasu 'yan jami'a sun kira shi darakta mai zurfin tunani. Wanda jiya yake bin amare da fitila yana roƙon su yi murmushi.

"Madam, ka gane," ya ce, "wani lokaci atis, mai fasaha, shi na sa abu a aiki bai sani ba. Mebi, wataƙila abin da na nufa ke nan a can ƙasan zuciya. Malam ya buɗe min ido sosai paa."

Na ce, "A can ƙasan zuciyarka matashin kai ne naɗe da tawul. Ina wurin."

Ya ce in ya faɗi zancen matashin kai mutane za su yi masa dariya. Wato tsohuwar da ya durƙusa ya roƙa, da ita da mutuncinta, ba su kai nauyin dariyar da za a yi masa ba. Na bar shagon kafin bakina ya yanka min wuya.

Mai sharhi na same shi da yamma a bes ɗinsu, rumfar da samari ke zama suna shan shayin ataya. Yana tsakiya a kan benci, mayafin wuyan nan na nan, gumi na bin sa. Ya tashi ya ba ni wuri da ladabi, yana ta "Madam, Madam," don ya san ni malamar adabi ce, yana zaton muhawara ta kawo ni. Na zayyana masa yadda aka ɗauki fim ɗin, dalla-dalla. Na ce fuskar kunya ce ta ɓoye ta, tsawon wankan ruwan zafi ne ya jawo shi, dawowar hoton kuma rashin jariri ne.

Ya saurara yana murmushi, yana juya ɗan kofinsa. Da na gama ya ce labarin yana da ban sha'awa ƙwarai, amma bai canja komai ba. Da zarar aiki ya fita daga hannun mai shi, in ji shi, ya zama na mai kallo. Niyyar darakta ba hujja ba ce. Abin da ke kan allo shi ne magana.

Na ce, "To mu tsaya a kan allon. Wa ya sayi maganin kwali a kan allon? Wa ya ƙi kai yaro asibiti? Me nas ta ce? Ka tsallake duk wannan ka je ka kama hannun da bai yi komai ba sai wanka. In uwa ta rasa ɗa, lokacin da ya fi lafiya take tunawa, ba wanda ya kashe shi ba. Wannan ko wanda bai shiga aji ba ya sani."

"Wannan karatunki ne, Madam," ya ce, "kuma ina girmama shi. Kowa da nasa karatun."

"Nawa karatun bai hana kowa shiga gidan maƙwabta ba."

Ya ce shi ba da mutum yake ba, da alama yake. Na ce alamar tana da ɗaki a Nyohini, tana da hawan jini. Ɗaya daga cikin samarin ya sunkuyar da kai, na tabbata Yaya ce ta wanke shi. Mai sharhi ya gyara tabarau ya ce zai yi gyara a shiri na gaba. Har ya ƙara da cewa in Mma za ta yarda ta zo situdiyo, zai yi shiri na musamman a kan yadda al'umma ke mai da mace abin hadaya. Wato ya ci ta ɗanya, yanzu kuma yana son ya ci ta dafaffiya. Na ce Allah ya kiyashe ta.

Ya kuwa yi gyaran. Da ma ya bari. Ya buɗe shirin da cewa wasu da ba su fahimci aikin sharhi ba sun yi masa mummunar fahimta. "Ni ban ce Mma mayya ba ce," in ji shi. "Ban taɓa cewa mayya ba ce." Har ranar ba wanda ya furta kalmar a fili. Ana ta kewaye-kewaye, ana cewa hannunta da nauyi, ana cewa a dai yi hattara. Shi ya fara ɗaga ta sama ya sa a lasifika, kuma ita kaɗai mutane suka tsinta a cikin duk surutunsa. Daga nan ya wuce sharhin wata waƙa a kan tukunya, ya ce tukunyar mahaifa ce.

Ba a kori Yaya daga unguwa ba, alhamdu lillahi. Limamin masallacinsu ya tsawatar bayan sallar Juma'a, ɗanta ya zo daga kudu ya zauna kwanaki yana zazzare ido a ƙofar gida. Magana ta lafa kamar yadda maganar zango ke lafawa, wato an samu wata sabuwa. Mai fim ya yi wani fim. Mai sharhi yana nan har gobe, an ma ƙara masa lokaci. Amma ba a sake aikowa a kira Yaya ba, sai jefi-jefi daga baƙin da ba su san zancen ba, su ma sai ta ce ƙafa na damunta. Samari sun ci gaba da gaishe ta, daga nesa. Ta daina cewa ita ta wanke su.

Ana nan sai 'yata ta fari ta haihu, namiji, aka kawo ta gidana wankan jego. Ban ko yi shawara da kowa ba, na aika a ɗauko Yaya. A gidana babu mai shakkarta. 'Yata, Yaya ce ta wanke ta, ita kuma ta yi ta ƙorafi tun tana asibiti cewa kada kowa ya taɓa mata yaro sai Mma. Na ce a raina yau za a wanke wa Yaya zuciya, duk masu sharhin duniya su mutu da haushi.

Ta zo da sabulun salo da man kaɗanya mai kyau, sabon kaɗi. Ta sa aka tafasa ruwa, ta zaɓi kujerar da ta dace, ta jera tsumma da tawul kamar yadda ta saba. 'Yata ta fito da jaririn tana murmushi, ta miƙa mata shi da hannu biyu.

Yaya ta ja da baya, ta cusa hannayenta cikin mayafi.

"Miƙa wa uwarki," ta ce.

Na ce, "Haba Yaya, ni rabona da wankan jariri tun na wannan da ke tsaye, shi ma ke kika yi. Nan gidanki ne. Wa zai ce wani abu?"

"Ba wanda zai ce," ta ce. "Amma jariri ba ya rasa zazzaɓi, ba ya rasa tari. Ran da jikinsa ya yi zafi, ko ba ki ce komai ba za ki tuna. Ni kuma zan ga kin tuna. Ku ne kuka rage min. Ki zauna, zan gaya miki yadda za ki yi."

'Yata ta fashe da kuka. Na yi rantsuwa, na yi faɗa, na kira sunan uwarmu, Yaya ba ta motsa ba. Ruwa ya fara hucewa, dole na zauna na miƙe ƙafafu. Ta tsaya a bakin ƙofa tana ba ni umarni: tallafe kan, kada sabulu ya shiga ido, ba haka ake riƙe ƙafa ba, a hankali, ke kam kamar mai wanke doya. Yaron ya yi ta ihu daga farko har ƙarshe, bai yi barci ba. Ina ganin yadda kafaɗunta ke motsi duk lokacin da na yi kuskure, amma hannayen ba su fito ba.

Yanzu jikan nawa ya fara tafiya. Yana son ta fiye da kowa, don ita ke zuwa masa da ƙuli-ƙuli. In ta shigo sai ya taho da gudunsa na 'yan koyo, ya rungume mata ƙafa, ya ɗaga hannu biyu sama yana jira. Takan dube shi ta yi masa wasa da baki, ta kira shi mijinta, sannan ta juyo ta ce min, "Zo ki ɗauke shi, yana son a ɗauke shi."